Kusun Ɗakin Haya

Ni dai kyanwa anka ce in kawo, kyanwa na kawo. Ɗana Bube ne yak kira ni ta waya daga Tambuwal, wai kusu ya ishe su a gidan hayar da sunka kama, shina cin bangon ɗaki, sun ɗana tarko har sun gaji. Na saka ta buhu, na shiga mota daga Fakku, 'yar banza tana ta yakushina har tasha.

In faɗi gaskiya, ba don kusu na tafi ba. Don maigidana na tafi, jikana Ziyad, ɗan shekara ukku. Yaron ga baki gare shi kamar rediyo. Duk zuwana, da na sa ƙafa sai in ce, "Maigida, ina goron amarya?" Shi ko ya riƙe ƙugu ya ce, "Ba ni son ki, tsohuwa, ba ki da haƙora!" In bi shi da mafici, shi gudu shina dariya.

Ran nan na yi sallama, na iske shi zaune bakin ƙofa. Na tambayi gorona. Yad dube ni, yam maida kai.

Uwarshi Hafiza tac ce, "Inna, ai maigidanki ya yi hankali. Tun bayan sallah yab bar surutu, maƙwabta har yabonshi sukai."

Na ce, "Hankali? Ɗan shekara ukku? Ke dai Allah shi kyauta."

Tac ce sai dai ciwon ciki, da ƙin tuwo, kuma kashi sai da kuka. An ba shi maganin tsutsa, an ba shi na shawara.

Ɗakin tsohon fenti ne shuɗi mai ƙyalli, duk ya tsattsage shina zuba. Kullum Hafiza sai ta share garinshi, ƙura ta tashi. Tan nuna min ɓarnar kusun: ƙarƙashin taga, doguwar hanya, an cinye fenti har siminti. Na duƙa na duba. Ba kashin kusu ko ɗaya. Kuma wurin ba ƙasa yake ba, ya kai cinyata. Gefenshi sumul, irin yadda maraƙi ka barin bango in ya lasa. Na saki kyanwa, tas sunsuna kusurwa-kusurwa, tab bi rana tay yi kwance.

Bayan azahar Bube na wurin aiki, Hafiza na madafa. Na kwanta bisa tabarma na rufe ido rabi. Ziyad yat tashi a hankali, yad dafa bango da hannu biyu, yak kafa baki. Ina jin ƙarar haƙoranshi.

Na buɗe bakinshi, harshen shuɗi. Na ɓamɓaro ɗan fentin na ɗanɗana, sai ga zaƙi-zaƙi. Ni da kaza ma in ta shigar min ɗaki sai unguwa ta ji muryata, wallahi ko ihu ban yi ba.

Na ce, "Hafiza, taho ki ga kusunku."

Daga asibitin gari anka tura mu Sakkwato, anka ɗibi jini. Likita yac ce gubar dalma ce. Akwai ta cikin wasu fentin, yaro shi ci ko shi shaƙi ƙurar shara, ta taru cikin jini ta hau ƙwaƙwalwa. Ciwon cikin ita ce, ƙin abincin ita ce, shirun da anka yi ta yabo shi ma ita ce. Yab ba da magani, yac ce kada yaron shi sake kwana ɗakin nan.

Bube yac ce, "Likita, maganar fa? Za ta dawo?"

Yac ce, "Za mu hana abin ƙaruwa. Wanda yar riga yat tafi, ba ni yi muku alkawari."

Bube yac ce to. Hafiza tac ce to. Ni ma na ce to. Ba wanda yay yi kuka. Munka fito munka sayi ruwan leda, munka tsaya jiran mota.

Su sunka shiga neman wani gida, ni ko na taho da maigidana Fakku. Ɗakina na ƙasa ne, tun da anka gina shi fenti bai taɓa shi ba. Kyanwar na bar musu, ba ni son ganinta.

Yanzu kullum da safe, in ya sha koko da magani, sai shi bi bangona da harshe. Shi lasa, shi tofar, shi matsa gaba shi sake lasawa. Zaƙin nan yaka nema. Da farko ina janye shi, yanzu kallo nika yi. In ya gaji sai shi zo shi zauna bakin ƙofa.

Sai in ce, "Maigida, ina goron amarya?"

In jira.

Sannan in riƙe ƙuguna, in ƙanƙance murya in ce, "Ba ni son ki, tsohuwa, ba ki da haƙora."

Shi dai bakina yaka kallo.