Bindigar Saman Ƙofar Kicin

"Kaka, da gaske ba zan kwana gidanka ba sai ka sauke waccan bindigar? Haka Mama ta ce a mota."

Tessa ce ta yi tambayar, bakinta cike da dankali, cokalinta na nuna saman ƙofar kicin. Shekarunta biyar, kuma maganar da ta shiga kunnenta ba ta wuce awa guda a ciki. Corinne, uwarta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Royce, uban yarinyar, ya duƙufa yana yanka naman da ya riga ya yanka.

Kakan, Orrin Tveit, ya ajiye kofin gahawarsa, ya dubi surukarsa ta saman tabarau.

"Haka aka yi, Corinne?"

"Haka aka yi, Baba. Na so in faɗa maka bayan mun ci abinci, wannan rediyon ta riga ni."

Gobe Litinin Corinne za ta tafi Sioux Falls kwas na mako guda, Royce kuma yana tsakiyar girbin masara, daga asuba har faɗuwar rana yana kan inji. Ko dai Tessa ta zauna wurin kakanta, ko a kai ta gidan yayar Corinne, tafiyar awa uku. Tsohon kuwa tun makon jiya ya fenta ɗan gado, ya cika firji da abin kwaɗayi. Tun rasuwar matarsa gidan bai ga baƙon kwana ba.

Ba tsoron bindiga Corinne take ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta harbi barewarta ta farko. Ta kuma san surukinta ba sakarai ba ne. Tsofaffin bindigogin harbin tsuntsaye goma sha ɗaya gare shi, duk irin waɗanda ake jan katakon ƙarƙashin bututu baya a tura gaba, kowacce a kulle cikin kabad ɗin ƙarfe. Ka karanta masa lambar da aka buga a jikin ɗaya, ya gaya maka shekarar da aka ƙera ta kafin ka rufe baki. Duk wadda ya sayo sai ya warware ta har ƙusar ƙarshe, ya wanke, ya mayar. Ta goma sha biyun ce kaɗai ke rataye a kan ƙugiyoyi biyu, saman ƙofa, inda mahaifinsa ya bar ta.

"Ba komai a cikinta, 'yar birni," in ji Orrin. Garin su Corinne mutum dubu huɗu ne, amma shekara bakwai ke nan yana kiranta haka. "Duk kakar farauta sai na sauke ta na goge. Tsaya ki gani."

Ya miƙe, ya sauko da ita, ya mai da bakinta wajen taga. Ya ja katakon ya tura, ƙaras-ƙaras, har sau uku. Ba abin da ya faɗo.

"Kin gani? Cikinta ya fi kan Royce zama fayau."

"Ni me na yi kuma?" in ji Royce.

"Ko da fayau ce, Tessa ta iya hawa kujera," Corinne ta ce. "Ba ni ita in duba, Baba."

Ya miƙa mata yana murmushin wanda ya riga ya ci wasa. Ta karɓa, ta bar ta a buɗe, ta kifar da ita. Ƙarfen ya koɗe ya koma kalar toka, katakon ya yi santsi inda tafin hannu ke kamawa. A ƙarƙashin bututun harbi akwai wani bututun, ma'ajiyar harsashi, da sifirin a ciki mai turo su ɗaya bayan ɗaya. In ma'ajiyar ba komai, ɗan murfin ƙarfen da ke kan sifirin yakan leƙo a bakin ramin da ake ɗura harsashi ta baya. Tun tana ƙarama babanta ya koya mata: a gan shi da ido, a taɓa shi da yatsa. Ta zura ɗan yatsanta, ta ji rami kawai.

"Baba, yaushe rabon da ka buɗe ma'ajiyar nan?"

"Buɗe? Dubi kawunan ƙusoshin nan. Tun da ta fito daga masana'anta a 1914 sukudireba bai taɓa su ba. Kin san mutum nawa ne a jihar nan ke da irinta a haka? Ni zan fara ƙwarzane ta?"

Corinne ta kunna fitilar wayarta ta haska cikin ramin. Can ciki, kamar tsawon yatsa biyu, wani abu mai ruwan tagulla ya ƙyalla.

Ba ta ɗaga murya ba. "Tessa, ɗauki kek ɗinki ki tafi falo. Kar ki fito sai na kira ki."

"Me aka gani?"

"Falo, na ce."

Orrin ya karɓi wayar ya leƙa. Ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Kunnuwansa suka yi ja.

Bayan rumbu suka kai ta, suka shimfiɗa tsohon bargo a kan benci, bakin bindigar na kallon gonar da aka gama girbewa. Royce ya ruga ya dawo da wata doguwar wayar ƙarfe.

"Bari in zunguro shi ta ramin nan na baya."

Corinne ta doke masa hannu. "Ta nan ɗin? Idon harsashin, inda ake bugawa ya tashi, shi ke kallonka, maigida. In ka gaji da yatsunka ka bari sai an gama girbi."

Ta gaba za a bi, kuma sai an kwance ƙusar murfin da ya toshe gaban ma'ajiyar. Orrin ya kawo akwatin sukudirebobinsa, ya gwada shida kafin ya sami wanda ya zauna daidai. Ya ɗora, ya tsaya. Ya dubi gidan, inda hancin Tessa ke manne da gilashin tagar falo. Sannan ya murɗa, yana cije leɓe kamar haƙorinsa ake cirewa. Murfin na sakuwa, sifirin ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnen Royce, ya faɗa cikin shukar kabewa.

"Shekara ɗari da 'yan kai," in ji Orrin, "amma ya fi ka zafin nama."

Corinne ta tumɓuko siririyar sandar da aka tokare tumatir da ita, ta goge ƙasar, ta zura ta gaba, ta tura a hankali. Abin ya ƙi, ya ƙi, sannan ya motsa, ya gangaro cikin tafin Orrin. Harsashi ne na takarda, ja, ya kumbura kamar ya sha ruwa. Ya kuwa sha: shekara da shekaru tururin butar gahawa na tashi yana samunsa a saman ƙofa.

Orrin ya jujjuya shi. "Na babana ne. Lamba shida, na zakarun daji. Ranar da ya fita farautarsa ta ƙarshe ya dawo ya ja ta, biyu suka faɗo, ya rataye. Ina tsaye. Uku yake ɗurawa kullum, ban ƙirga ba."

"Ai ya mutu tuntuni," Royce ya ce. "Ko an buga ba zai tashi ba."

"Rufe min baki. Bara na ga wanda ya girme shi ya tashi." Tsohon ya zauna a bakin benci. "Bugun ƙofa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sako shi. Sai wani ya zo ya ja, ya taɓa kunama don wasa."

Corinne ta ajiye sandar. Ta shiga cikin kabewa ta nemo sifirin, ta kakkaɓe ta miƙa masa.

"Ƙusar ba ta ƙwarzanu ba, Baba. Duba."

Ya duba, ya ga haka ne, ya ɗan saki fuska. Suka mayar da komai tare, ɗan murfin ya leƙo a bakin rami, ta taɓa, shi ma ya taɓa. Ya ɗauki bindigar da kansa ya kai kabad, ya matsa wa sauran suka ba ta wuri, ya kulle, ya zura makullin a aljihun rigarsa ya ɓalla maɓalli. Daga nan ya leƙa falo.

"Ke uwar surutu! Gobe da safe ƙwai za ki ci ko fanke?"

"Duka biyu!"

"To gaya wa uwarki ta kawo ki da wuri."

Kai kuma da kake karanta wannan, in akwai tsohuwar bindigar gado a gidanku da kowa ya san ba komai a cikinta, kar ka yarda da ƙarar jan katako. Ka mai da bakinta inda ba kowa, ka buɗe, ka haska, ka ga ɗan murfin nan ka taɓa shi. In ba ka gan shi ba, kar ka zungura ta baya, ka kai wa mai gyara. Kuma ko ta fito fayau, ka kulle ta kafin yaro ya iya jan kujera.