Ƙafar Hinrich a Kan Feda

A wani gida a Lübeck, duk Lahadi bayan an sha kofi, mutum biyu ne ke zama a benci ɗaya su kaɗa fiyano da hannu huɗu. Gesa a dama, wajen siraran muryoyi. Hinrich, ƙanin mijinta, a hagu, wajen masu kauri. Mijin nata, Claus, yakan kife jarida a fuska ya yi barcinsa.

Hinrich na sonta. Bai taɓa faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba. Rabonsa bai wuce wani wuri a tsakiyar kiɗan ba, inda hannunta ke tsallake nasa, bakin rigarta ya shafe shi.

Feda kuwa, abin takawa a ƙasan fiyano, aikin na hagu ne. Muddin ƙafarsa na kai, sauti ba ya yankewa, kuma abokin kiɗa ba ya ɗaga hannu sai an saki.

Da kaka ta shigo, Claus ya ce ya samu aiki a birnin Riga, jirginsu shi da Gesa zai tashi cikin makon. Ya ce Hinrich ya riƙe fiyanon, ko ya samu abin hira da shi.

Ranar Lahadin ƙarshe, tun daga farko Hinrich ya taka fedar ya ƙi saki. Muryoyin suka narke cikin juna. Ɗakin ya zama kamar kogin garin da safe, jiragen ruwa na wucewa ba a ganin ƙasansu. Ya ga kamar bencin ma ya bar gaɓa da su biyu.

"Tuzuru," in ji Gesa ƙasa-ƙasa, "ɗaga ƙafar nan mana. Nutsar da ni za ka yi?"

Ya ce takalmin ne ya yi nauyi. Ta ce to ya auri mai gyaran takalmi. Ba ta daina kiɗan ba.

Suka kai sautin ƙarshe. Ya riƙe fedar. Sautin ya yi ta sirancewa har ya koma kamar numfashin katako, sannan babu. Ƙafarsa na nan. Hannunta ma na nan, kusa da nasa, ba ta motsa ba.

Shirun ne ya tashi Claus daga barci. Ya janye jaridar, ya yi hamma.

"Kun gama ne, makaɗan gidana?"

Gesa ba ta juya ba.

"Saura kaɗan," ta ce.