Tsibirin Baba Kolo

Tun ana tsinkar tattasai saƙo ya iso wa Fatime a Diffa. Mahaifinta, Baba Kolo, tsohon masunci a wani tsibiri cikin tafkin Cadi, ya ce a kawo masa jikokinsa ya gan su tun idonsa na gani. Bai taɓa ɗora ido kan Zalika da Habibou ba.

Mijinta Munkaila, ma'aikacin biro ne, wato ofis, mutumin Gaya. Ya ce sai an ba shi konje, hutun aiki.

"Baban Zalika, ruwa fa ba ya jira," in ji ta.

"Haba Fatime, tsibiri ƙafa gare shi?"

To, ka ji mutumin da ya tashi a bakin kogin da ba ya ƙafewa! A ganinsa kowa na zaune inda aka bar shi. Ita kuwa ta san masunta bin ruwa suke, in ya ja su ja. Ta faɗa sau uku, ta gaji ta bari.

Konje bai fito ba sai da kogin Komadugu ya koma ƴan kududdufai. Suka hau mota zuwa Bosso, suka ƙara gaba, sannan suka samu kwale-kwale. Yara sai murna. Habibou na tsoma hannu a ruwa ana janye shi, Zalika ta rungume ƙullin goron da za ta miƙa wa kakanta, tana ta maimaita gaisuwar Barebari da uwarta ta koya mata. Sau biyu jirgin na kafewa cikin laka, Munkaila na naɗe wando yana turawa yana tsaki.

Da la'asar suka isa. Ba hayaƙin banda, ba kukan yaro. Bukkoki a tsaye babu rufi, murahu sun yi sanyi. 

Wani makiyayi ne kaɗai a wurin da shanunsa. Fatime ta tambaye shi labarin Baba Kolo da Barbarci.

"Tsohon nan? Ai ya ba mutane wahala. Kowa ya tashi, shi ya ce yana da baƙi. Kwana tara yana zaune a bakin ruwa. Ranar Juma'a ƴan'uwansa suka dawo suka ɗauke shi, don jirgi ya kusa daina shigowa."

"Ina suka nufa?"

Ya nuna gabas da sandarsa. "Wajen Cadi. Inda ruwa ya tsaya, nan za su tsaya."

Juma'a. Shekaranjiya ke nan. 

Ta juya ga mijinta. "Mu bi su. Kwana biyu ne tsakaninmu."

Munkaila ya dubi lakar da ke ƙafarsa, ya dubi agogo, ya ce a hankali, "Laraba nake komawa aiki. Baɗi in Allah ya kai mu, da wuri za mu zo."

"Mu zo ina?" ta ce.

 Munkaila ya ɗaga Habibou ya sa cikin jirgi.