Kabewar Ntate Sekoati

"Wannan kuma mene ne, Mme? Ganye ne ko kunnen jaki?"

Malama Limpho ko juyowa ba ta yi ba. Ta san muryar, ta san tarin da ke biyo bayanta. Ntate Sekoati ne, maƙwabcinta, tsohon ma'aikacin ramin zinariya, ya zuro kai ta tagar aji uku lulluɓe da bargo, yana nuna ganyayen takarda da yara ke shafa wa jan fenti. Aji ya kwashe da dariya.

"Darasin lokacin kaka muke yi, Ntate."

"Darasin yana gonata, 'yata, yana jiranku."

Duk shekara haka yake yi. Da watan Afrilu ya tsaya, ganyen itatuwa ya fara zuba, sai ya ɓullo da nasa darasin: a kai yara su tsinko masa kabewa, su jera a kan kwanon ɗakinsa kafin sanyin nan mai daskarar da raɓa ya sauko daga duwatsu. Kabewar ce ke riƙe shi da matarsa, Mme Mapalesa, har sanyi ya wuce. Su kuwa yaran, ranar kabewa ko mai zazzaɓi sai ya zo makaranta. Amma bara wata ta yanke yatsa, uwarta ta zo ta wanke Limpho tas a gaban hedimasta, da aka tambayi tsohon kuwa sai cewa ya yi ai yarinyar ce ba ta iya riƙe wuƙa ba.

"Bana ba zan kai 'ya'yan mutane ƙwadago ba."

"Ƙwadago? Haba, Mme! Ilimi ne, ya fi wannan kunnen jakin."

"To, naji. Sai wani satin."

Ya buɗe baki zai yi gardama, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe dafe da taga kafin ya tafi.

Ita fa a ranta ta riga ta yarda za ta kai su. So kawai take tsohon nan ya koyi cewa "don Allah" sau ɗaya a rayuwarsa. Ran Litinin ya tare ta a bakin shinge, ta ce Juma'a. Ran Laraba da safe ta fito zubar da ruwa, sai ta ga an shafe tagogin gidansa da toka, alamar an yi rasuwa, mata na shiga a sunkuye.

A ƙauyen Ha Mokhele, idan aka yi mutuwa babu mai shiga gona sai an binne. Ɗan marigayin kuwa ya aiko daga wurin aikinsa a Rustenburg cewa sai Asabar ta sama za a sake shi. Kwana goma cur! Limpho ta ɗaura bargo ta nufi wurin mai gari.

"Morena, ba noma za mu yi ba. Darasi ne, hannu kawai, ko fartanya babu."

"Mme, gawa na jira ki shiga gona? So kike ƙanƙara ta kwantar mana da dawa?"

"Abincin tsohuwa ne zai ruɓe!"

"Da kin kai su tun yana da rai, wa ya hana ki?"

Ta dawo tana huci. Ta ji haushin mai gari, ta ji haushin ɗan, ta ji haushin tsohon da ya tashi mutuwa bai ko jira Juma'a ba. Sau uku gari na wayewa fari fat da daskararriyar raɓa, tana tsaye bakin shinge tana kallon ganyen kabewa yana baƙi, ba ta da wanda za ta ƙara zagi sai kanta.

Litinin bayan jana'iza ta jero yaran zuwa gonar. Wata mai suna Reitumetse ta ɗaga kabewar farko, babban yatsanta ya nutse a ciki. Suka juya kowace ɗaya, har ƙarshen kunya. Bakwai kaɗai suka yi rai.

Da Limpho ta shiga ɗakin, Mme Mapalesa na zaune kan katifa a ƙasa, cikin baƙaƙen kaya, kai a aske. Ta ji hayaniyar yara, fuskarta ta ɗan saki.

"Ai ya ce za ki zo," ta ce. "Ya ce ke dai sai kin ja rai, amma ba ki taɓa ƙin zuwa ba. Sun yi yawa bana ko?"

Limpho ta juya. Ta fita, ta hana yara tsani, ta hau kan kwanon da kanta. Suna miƙo mata, tana ajiyewa, kwano yana amsawa dim, ta san tsohuwa na saurare daga ciki. Da ta ajiye ta bakwai, yaran suka tsaya hannu wayam suna kallonta.

Ta sunkuya ta ɗauki ta farko, ta matsa gaba kaɗan, ta sake ajiye ta, kwano ya ƙara amsawa dim. Sannan ta ɗauki ta biyu.