Ranar da Na Zama Mutumin Roba

Da 'yata Auta ta samu makarantar koyon aikin jinya, ni na fi ta shiga uku. Ni kafinta ne, karatuna bai wuce na auna katako ba, amma shawara ba ta buƙatar satifiket. Duk wanda ya shigo shagona, ko ƙafar kujera ya kawo gyara, sai na tambaye shi yadda ake cin irin wannan makaranta. Wani direban motar asibiti ya ce ta riƙa zama a gaba. Mai wanki ya ce farin kaya su ne rabin aikin. Wata tsohuwa ta ce a saya mata takalmi mai taushi, don nas da ƙafa take cin abinci. Ni kuwa in kwaso duka in juye wa Auta da safe tana ɗaura ɗankwali, in raka ta da sauran har bakin titi. Mamarsu ta ce ko rediyo ana kashe shi ya huta.

A rubuce yarinyar ba ta da matsala. Abin da ya kayar da ita mutum-mutumi ne na roba.

Ashe a makarantar akwai ɗaki mai gadaje, a kan ɗaya an kwantar da wannan roba, an rufe shi da zanin gado. A jarrabawar gwaji, dole ɗaliba ta yi masa sallama, ta faɗi ko ita wace ce, ta nemi izininsa, ta ja labule, sannan ta juya shi ta canza zanin yana kwance, tana yi tana masa bayani. Malamarsu, wadda ɗalibai ke kira Ba-Wasa, tana tsaye tana kallo.

Auta ta ce komai ta haddace. Amma tana leƙa fuskarsa sai ta ga bakinsa a hangame, sak Kawunta in barci ya sace shi a kan kujera. Ta ce masa sannu da jiki, dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki. Ba-Wasa ta ce wanda ya yi wa roba dariya zai yi wa mutum, ta ba ta dama ɗaya tak. In ta sake, ta tattara farin kayanta.

Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na ce ta ciji harshe. Na ce ta tuna kabari. Na cusa matashin kai cikin tsohuwar rigata, na ɗora masa hula, na ce ta gaishe shi. Ta gaishe shi, hular ta zame, har Mamarsu sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

Da dariyar ta sake ta, Mamarsu ta ce, “Malam, tunda kai ne ka fi kowa damuwa, kwanta mana.”

Na ce ni da mutuncina? Ta ce mutuncin zai jira a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi na rufe shago, na hau gadon da na ƙera da hannuna, aka rufe ni zuwa ƙirji. Auta ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta yi sallama, na amsa. Ta ce roba ba ya amsawa. Ta sake shigowa, na ce ta ɗaga murya. Ta sake, na ce ta tsaya ta dama, hasken ya fi. Da ta zo juya ni, na juya da kaina tun kafin ta taɓa ni, don wane uba ne zai bar 'yarsa ta ɗauki nauyinsa?

Ta saki zanin ta ce ita ta haƙura, gara ta koyi ɗinki. Ba da wasa ta faɗa ba, idonta ya kawo ruwa.

Mamarsu ta fita, ta dawo da filastar da ake liƙe ciwo, ta ajiye a gefen kaina. Ta ce kalma ɗaya ta ƙara fita, da ita za ta rufe shagon bakina. Sannan ta ce in buɗe baki kamar na Kawu, in kafe ido a silin, in mutu.

Na mutu.

Ban san shiru yana da wuya haka ba. Shawarwari suka taru a maƙogwarona kamar fasinjoji a ƙofar mota. Auta ta shigo. Ta tsaya a kaina, na ji numfashinta yana rawa irin na mai shirin dariya, sai kuma ya tsaya. Da ta yi magana, wata murya ce da ban san tana da ita ba, a hankali, ba sauri. Ta ce za ta juya ni gefe, in da inda ke min ciwo in gaya mata. Ta naɗe min hannu a ƙirji, ta lanƙwasa gwiwata, ta sa tafi a kafaɗa da ƙugu. Sai ga ni a gefe, ni da buhun siminti ba ya nuna min nauyi.

Ana cikin haka Kawun da kansa ya yi sallama, ya zo aron zarto. Bai jira ba ya ɗaga labule. Ya gan ni a miƙe, baki buɗe, ido a sama, Mamarsu a tsaye ta rufe baki da mayafi. Ya fara salati, bakinsa ya hangame. Baki biyu ke nan a ɗaki ɗaya, na asali da na kwaikwayo.

Na ce a raina shi ke nan, yarinya ta tafi.

Auta ta juya ta dube shi ido cikin ido. “Kawu, ina tare da mara lafiya. A jira a waje.” Ta ja labulen a fuskarsa.

Ni ne dariya ta kama. Na danne ta, jikina ya hau karkarwa, gadon yana ƙara. Auta ta taɓa goshina, ta tambaya ko sanyi nake ji, ta ƙara min bargo a wannan zafin, ta soke gefensa tam yadda ko motsi ba zan iya ba. A haka ta gama aikinta, ta wanke hannu, ta yi min sallama.

Da aka kwance ni, bayan an ba Kawu ruwa da haƙuri, na tambayi Auta wace shawarata ce ta yi aiki, ta harshe ko ta kabari. Ta ce ko ɗaya.

“Baba, tun da aka haife ni ban taɓa ganin ka kwance ka yi shiru ba. Sai na ji tsoro.”

Ranar jarrabawa na raka ta bakin titi. Na buɗe baki, Mamarsu ta nuna min filasta daga ƙofa, na mayar da shi hamma.

Da la'asar Auta ta shigo shago da farin kayanta, ta zauna a kan bencin da ban gama ba. Ta ci. Ba-Wasa har ta tambaye ta yadda aka yi take lallaɓa roba kamar ubanta.

Na ce me ta ce mata?

“Na ce ai shi ne, Malama. Sai dai wannan ya fi jin magana.”