Faranti Mai Lamba Huɗu

Shekara shida Dogo ya yi a ɗakin binciken nan yana jiƙa ganye yana tacewa. Abin da yake nema shi ne sinadarin da zai kwantar da kumburi a ƙwayoyin tantanin ido, wanda yake karɓar haske daga can ciki. Abokin aikinsa Baƙo kuwa bara-bara ya zo da 'yar saiwarsa a kwalba, amma sai ka ce shi ya kawo ido duniya. Farfesa, shugabar ɗakin, ba ta rufe magana sai ta ce, "Baƙo, me ka gani?" Da Dogo ya ji haka sai shayi ya fita ransa. Kishi yake yi, kuma ya sani.

Sai aka ce sinadari ɗaya tak za a ci gaba da gwadawa, ko ganyen Dogo ko saiwar Baƙo. Aka yi renon ƙwayoyin a ƙananan farantai, aka tayar musu da kumburi, aka ɗiga maganin kowa. Ƙa'idar ɗakin ita ce Farfesa ta manna wa farantan lamba da hannunta, ta kulle takardar sunayen a aljihun tebur, don kada mai ƙirga ya san na wa yake dubawa. Mai ƙirgar kuwa Dogo ne, domin duk ginin babu mai idonsa.

Ya sa faranti na huɗu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwayoyin nan shimfiɗe suke lafiya lau, kamar ba a taɓa su ba. Bai taɓa ganin irin wannan ba.

Baƙo ya zo wucewa, ya ce, "Yaya, in ɗan leƙa?" Ya leƙa, ya yi murmushi, ya tafi yana fito.

Shi ke nan, Dogo ya gama yanke hukunci: na Baƙo ne. Ai mai sa'a ko a kan dutse ya shuka sai ya tsira. Ya koma kan madubin, ya fara tsaurara wa farantin. Wannan ƙwaya ta ɗan yamutse, matacciya ce. Waccan tana gefe, ba ta shiga lissafi. Ƙwayoyi masu rai ɗari tara da ya gani, ya rubuta ɗari bakwai da goma. Sauran farantan ya ƙirga su tsakani da Allah, sannan aka zuba duka a ruwan kashe ƙwayoyi yadda aka saba.

Washegari da hantsi Farfesa ta buɗe aljihun tebur.

"Lamba bakwai ce kan gaba, ɗari bakwai da sittin. Saiwar Baƙo." Ta gyara gilashi. "Huɗu ke biye. Ganyenka, Dogo. Kash, saura ƙiris!"

Dogo ya ƙura wa takardar sunayen ido.

Baƙo ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi da na leƙa huɗun nan na ɗauka ta cinye mu duka. Har daɗi na ji. Ko a sake gwajin?"

"A sake me?" in ji Farfesa. "Ƙirgar Dogo ce fa. Shekara shida ban taɓa kama shi da kuskuren ƙwaya ɗaya ba."

Duk suka juyo suna kallonsa.  Dogo ya tashi ya kwashe kwalaben ganyensa guda goma sha ɗaya, ya jera su a kantar sama, inda ake ajiye abin da aka gwada bai yi ba.