Dalma ta Tara

Shekara shida kafin a ba da mulkin kai, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Doguwa, an yi wata mace ana ce da ita Turai, wadda yayanta ya harbe mata miji. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da yayan nata, Balarabe. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya aurar da ita ga abokinsa Mudi. Alƙalin Tudun Wada ya saurari shaidu ya ce tsautsayi ne. Mutanen gari suka ce to a gaban alƙali, amma a bakin rijiya magana daban ce.

Balarabe maharbi ne tun yana saurayi, da adakar da ya gada, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Daga baya wani Bature mai aikin kuza a Riruwai, wanda Balarabe ke yi wa jagora a daji, ya tashi komawa ƙasarsu. Ya bar masa bindiga mai baki biyu da kunama biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da harsashi biyar masu jan kwanso. Kowane harsashi da dalma tara a cikinsa, kowace dalma kamar ƙwayar gujjiya.

Al'adar maharban wurin, ba a shiga daji da sabuwar bindiga sai an gwada ta a gaban Sarkin Baka. A kafa zana, a shafa gawayi a tsakiyarta, a ƙirga taku hamsin, a yi harbi ɗaya. Ɗaya kawai, domin adaka baki ɗaya gare ta, in ka ji muryarta sau ɗaya ka san halinta. Haka aka yi wa bindigar Bature. Turai na cikin matan da suka leƙa ta saman danga ranar. Da hayaƙi ya washe aka je aka duba, dalma tara duk sun taru wuri ɗaya, babban faifai zai rufe su. Mudi ne ma ya fi kowa murna, ya ɗauki jan kwanson ya mai da shi battar taba.

Da kaka ta matso, mugun dawa ya addabi gonakin gyaɗa. Aladen daji ne mai haure, in ya shiga gona kwana biyu sai ka rantse an yi kaftu. Maza suka fita da karnuka da hantsi. Karnuka suka tsare shi a bakin wani kwazazzabo, Mudi ya lallaɓa ta gefe da mashi, saura kamar kamu biyu tsakaninsu. Dabbar ta juyo kansa. Balarabe yana daga nesa, taku hamsin ko kusa da haka, ya ɗaga bindiga ya harba. Dalma uku suka sami mugun dawa. Ɗaya ta sami Mudi a wuya. Kafin a kawo shi bakin gari ya cika.

Maganar da ta zauna a bakin mutane gajeriya ce. Suka ce mai zuba dalma tara a faifai, in ɗaya ta fita, aikenta aka yi. Kuma kowa ya san da damina surukan biyu sun yi cacar baki a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu, har suka yi wata guda ba sa cin tuwo tare.

Turai ta yi takaba a gidan mijinta, ita da uwarsa Inna Saude. Balarabe ya zo gaisuwa sau bakwai, sau bakwai tana juya wa ƙofa baya. Ya aiko da dawa, ta ce a zuba wa kaji.

A cikin takabar ne ta fara ganin Mudi. Ba a mafarki ba. Da rana tsaka, lokacin da gari ke yin shiru har ka ji kukan kurciya daga bayan gari, sai ta ɗaga kai daga tsintar wake ta gan shi tsaye a jikin danga, da rigar farautarsa, hannunsa ɗaya dafe da wuya. Ba ya magana. Ba ya ma kallonta. Fuskarsa kullum tana wajen gabas, inda gidan Balarabe yake. In ta yi salati ta sake dubawa, sai danga kawai. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma ta daina zama tsakar gida in rana ta take.

Da wata huɗu da kwana goma suka cika, Inna Saude ta zaunar da ita.

"'Yar nan, ni Kiru zan koma wurin 'yata, ran Laraba za a zo ɗaukata. Gidan nan ba kowa. Ke kuma gidanku za ki, haka aka saba."

"Inna, gidanmu ai gidansa ne."

"Na sani. Ɗana ne aka binne, ba ɗan wani ba. Ni na bar wa Allah."

"Ni ban iya ba, Inna. In da gangan ya yi, tuwonsa ba zai wuce maƙogwarona ba. In kuma ba da gangan ba ne, na ɗauki alhakinsa wata huɗu."

Tsohuwar ta ce, "To ki je ki tambayi wanda bindigar ke hannunsa."

Bindigar tana wurin Sarkin Baka Inuwa, alƙali ne ya ce a ajiye ta can. Tsoho ne ƙwarai, abokin kakan Turai, tun tana yarinya yake kiranta amaryarsa. Ta same shi a zaure yana gyaran tarko. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, amaryata ce yau? Kin tuna da tsohon miji da kika ga haƙora sun ƙare?" Ya dubi fuskarta, sai ya ajiye wasan tare da tarkon. "Yaya ƙarin haƙuri, Turai?"

"Da godiya, Kaka. So nake in ga bindigar."

"Mace da bindiga?"

"Ita ta shigo mini ɗaki, ba ni na je wurinta ba."

Ya tashi da kyar ya ɗauko ta a naɗe cikin tsumma. Ya buɗe ta a tsakiya, inda ake sa harsashi, ya nuna mata ba komai ciki. Ya ce ranar da abin ya faru shi da hannunsa ya cire kwanson da aka harba, daga bakin dama. Na hagu kuwa ya same shi da harsashinsa ba a taɓa ba.

Turai ta ɗora ta a cinya. Ta fi yadda ta zata nauyi, ga sanyi. Ta daɗe tana kallon bakunan nan biyu, kamar hancin wata dabba. Akwai guntun karan dawa a ƙasa, ta ɗauka ba da wata niyya ba, ta zura a bakin dama. Ya shige sumul. Ta zaro ta zura a na hagu, sai ya cije a baki, ya ƙi shiga. Ta sake. Haka dai.

"Kaka, bakunan nan ba ɗaya ba ne."

"Ɗaya ne mana, tagwaye ne."

"Hasana da Usaina ma kowa da halinta. Gwada ka gani."

Tsohon ya karɓa ya gwada, ya sake gwadawa, ya kai bakin bindigar wajen haske ya ƙura ido.

"Ranar gwaji," in ji Turai, "wanne aka harba?"

"Ina tsaye kusa da shi. Kunamar baya ya ja, don nan ta adakarsa take, nan yatsansa ya saba. Kwanson daga hagu ya fito." Ya ajiye karan a ƙasa. "Shekara arba'in ina gwada bindigogi, harbi ɗaya nake sa a yi. Ban taɓa tunanin mai baki biyu tambaya biyu ake yi mata ba."

"Harsashi nawa ya rage?"

"Uku."

"A kafa zana, Kaka. A kira shi."

Washegari da hantsi aka kafa sababbin zana biyu a fili bayan gari, gefe da gefe, aka shafa wa kowace gawayi. Ba a yi shela ba, amma rabin gari ya fito. Balarabe ya zo daga ƙarshe. Turai ba ta gan shi kusa ba tun ranar jana'iza, ta ga rigarsa ta yi masa yawa, gemunsa ya yi fari ta gefe ɗaya. Ya gaida Sarkin Baka, ya dubi ƙasa. Da aka miƙa masa bindigar ya mai da hannuwansa baya.

"Na yi rantsuwa, Baba. Ba zan ƙara taɓa ta ba."

"To ni zan taɓa. Ƙirga mini taku, ƙafarka ce ta ƙirga na farko."

Balarabe ya ƙirga hamsin. Sarkin Baka ya ɗora bakin bindigar a kan gwafa don hannunsa ba ƙarfi, ya saita zana ta farko, ya ja kunamar baya. Ƙarar ta bugi dutse ta dawo. Aka je aka duba. Tara, a dunƙule, faifai zai rufe su, kamar dai wancan karon. Wani daga baya ya ce, "To, kun gani," wani ya ce masa ya yi shiru.

Tsohon ya koma, ya saita zana ta biyu, ya ja kunamar gaba.

Wannan karon Turai ce ta fara isa. Ta sami huda biyu kusa da gawayin. Ta uku tana sama da kamu guda. Ta bi zanar da yatsa tana ƙirgawa, huɗu, biyar, can ƙasa shida, can gefe bakwai, takwas, a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Ta tara ta ɓace. Ta duba sama ta duba ƙasa. Sai da ta kai ƙarshen zanar ta hannun dama ta same ta, ita kaɗai, a bakin saƙa. Ta ɗora gwiwar hannunta a kan gawayin ta auna. Kamu ɗaya, kamu biyu, da 'yan yatsu. Ta durƙusa kamar mai lallaɓawa da mashi, sai hudar ta zo daidai wuyanta.

Ta daɗe a durƙushe, rana tana shigowa ta hudar tana sauka a fatarta, ɗan ɗigo mai ɗumi.

Sarkin Baka ya juya wajen jama'a. "Ni na saita, ba Balarabe ba, kuma ba ni da ɗorawa da kowa. Bakin hagu matsattse ne, yana riƙe dalma su tafi tare. Na dama a buɗe yake, yana sakinsu, in tafiya ta yi nisa kowace ta kama gabanta. Wanda ya gwada ɗaya ya ce ya san biyu, ni ne. Mai neman wanda zai zaga a bakin rijiya, ga ni."

Turai ta miƙe ta je gaban yayanta. Wata huɗu da kwanaki ba ta yi masa magana ba.

"Me ya sa ka ja ta gaba?"

"Ban san na ja ta ba. Na ga mugun dawan ya juyo, yatsana ya kama wadda ya fara samu."

"Ka ga Mudi a wurin?"

Da ya ce bai gan shi ba, da ta karɓa, da kowa ya karɓa. Ya ɗaga ido ya dube ta.

"Na gan shi, Turai. Sarai na gan shi. Na ce a raina kamu biyu ai fili ne, bindigata faifai take ci. Da adakata ce a hannuna da ban harba ba, don na san haukanta. Wannan na yarda da ita, kuma ina so a ga na iya."

Ta tsaya tana jin maganar tana sauka. Ba abin da ta zo nema ba ne daidai. Ta zo ne a ce mata ko mugu ne ko mai tsautsayi, sai ga shi an ba ta mutum mai alfahari da abin hannunsa, irin alfaharin da Mudi ma ya taya shi ranar gwaji, har da battar taba.

"Ɗorawar fa?"

"Na sare ta tun kwana uku da rasuwarsa. Ban iya ganinta."

"Ka yi ɓarna," in ji ta. "Kalwarta ta fi ta kowa daɗi."

Ya rufe fuska da hannun riga. Ta bar shi ya gama.

"Yaya," ta ce, "ran Laraba Inna za ta tafi. Ka turo jaki a ɗauki kayana. Zanar can ta biyu ma a naɗe mini ita."

Harsashin da ya rage Sarkin Baka ya jefa shi a tsohuwar rijiya. Bindigar kuma ya kai wa maƙeri, aka yi fartanya da abin da ya yiwu.

Turai ta koma gidan yayanta, ta ci tuwonsa. Ta kafa zanar a bayan ɗakinta ta wajen gabas. Kowace safiya rana na shigowa ta hudojin ta zuba ɗigo tara a bangon ɗaki, takwas a warwatse, ɗaya can gefe shi kaɗai, yana tafiya a hankali har ya sauko ƙasa. Balarabe ba ya bi ta wannan gefen gidan, ita kuma ba ta taɓa ce masa ya bi ba.

Mudi bai daina zuwa ba. Da rana tsaka, in gari ya yi shiru, takan gan shi tsaye a ƙarshen zanar, daidai huda ta tara, hannunsa a wuya. Sai dai tun da ta dawo gidan ya daina kallon gabas, ita yake kallo. Takan ce masa sannu, ta ci gaba da tsintar wakenta.